Kazar Kawu Marar Ƙashi

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya rasu a makon farko na azumin bana, da hantsi, a gidanmu na gado da ke Bagama, bayan wani zazzaɓi da ko kwanciyar kirki bai sa shi ya yi ba. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Kafin a sha ruwa gida ya cika, har sai da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar maƙwabta.

Ban san Kawu yana da jama'a haka ba. Allah bai ba shi haihuwa ba, bai taɓa riƙe ko sarautar unguwa ba, kuma ya daɗe da barin aiki. Amma ga ma'aikatan Abuja masu haya a Kwamba suna ta sauka daga keke da kayan ofis a jikinsu. Wani Bakatsine da furfura ta fara cin gemunsa ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, shekarar da ya zo garin nan bai samu zuwa gida Sallah ba, yana zaune shi kaɗai a ɗaki, sai ga kwano daga wani tsoho da suka taɓa haɗuwa a sahun salla. Ya ce tun daga nan bai sake cin Sallah shi kaɗai ba. Wani Inyamuri mai shagon magani a bakin layi ya shigo yana riƙe da kai, ya ce da gaurayen Turancin buroka da Hausa, "Baba Kuku don go? To wa zai dafa mana waken nan?" Mata suka yi dariya da hawaye a fuska, domin tambayar da ke ran kowa ke nan, shi ne dai ya furta.

Ran uku wata tsohuwa Bagwariya ta iso daga wajen Gawu Babangida da ƙwarya a kafaɗa. Ba ta shiga ɗakin da ake karɓar gaisuwa ba. Ta wuce kai tsaye bakin kicin, ta sauke ƙwaryar, ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai isarta. Baƙi suka riƙa tambayar ko wace ce. Mu 'yan gida mun sani, shi ya sa duk muka saci kallon Inna.

Inna, mahaifiyata ke nan, yayar marigayin, ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Tana zaune da carbi, wanda ya ce Allah ya jiƙansa ta ce amin, wanda ya ce ya haƙuri ta ce da godiya. Wata gwauruwa daga bayan masallaci ta haɗa gaisuwar da godiyar hatsin da Inna ta aika mata kafin azumi, Inna ta katse ta da cewa ba lokacinsa ba ne. Ni kuwa ina kallonta zuciyata na ƙuna. Shekara goma sha wani abu Kawu yana aika mata da kwanon girkinsa duk Ƙaramar Sallah, tana mayar masa da shi saboda wata rantsuwa da ta yi. Abin da ya fi so a duniya shi ne ta ci, ga shi ya tafi ba ta ci ba. Na ji haushinta a ranar, ba zan ɓoye ba.

Mutumin da bai bar ɗa ba, da wuri ake daina ambatonsa. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, ko 'ya'yanmu za su san wane ne ya bar musu tukunyar da ke kife a bayan kicin.

Kawu kuku ne. A gidan da kakanmu malami ne mai almajiran ilimi, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Lokacin da garinmu ya ba da sunansa ga sabon birnin tarayya, Abuja, kamfanonin gine-gine suka kafa sansani, Kawu yana saurayi ya tafi neman aikin lebura ya ƙare a kicin ɗin wani injiniya Ba'amurke. Inna takan ce ta yi wata guda ba ta iya faɗin sana'ar ƙanenta a gidan biki. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya tsufa Auta take kiransa. Idan ta ce Kuku, to ranta ya ɓaci.

Labarin yadda ya koyi girkin mun ji shi har mun haddace, amma duk shekara sai ya maimaita, kuma ba a yarda ka nuna ka sani ba. Matar injiniyan, wadda yake kira Madam, tana da wani biki na godiya da suke yi a ƙasarsu sau ɗaya a shekara, kuma dole a ci wani gasasshen koren wake da ake kira kasarol. Da miyar gwangwani ake haɗa shi. Wata shekara gwangwanin bai iso ba, Madam ta zauna tana hawaye kamar an yi mata rasuwa. Kawu ya tambaye ta me ke cikin gwangwanin, ta lissafa masa. Sai ya fita bakin sansani wajen wata yarinya mai kawo musu itace, ya yi mata kwatance. Yarinyar nan ita ce tsohuwar da ta zo ta yi kuka a bakin kicin. "Su gwangwani suke buɗewa," in ji Kawu, yana ɗaga yatsa, "ni kuwa ba ni da gwangwani, sai na fara tun daga saniya."

Kamfanin ya tashi, Madam ta koma ƙasarsu, Kawu ya dawo gida ya buɗe ɗan shagon burodi. Amma ya ce shi ma yana da ranar godiya, ranar da aka sauke azumi. Mu ba ma cewa kasarol, waken Kawu muke cewa.

Tun jajibere yake farawa. Da kansa yake zuwa kasuwa wajen masu kayan Jos ya zaɓi waken, irin dogon nan kore da ake ci da ɓawonsa. Ba ya saye sai ya karya ɗaya kusa da kunnensa. "In bai ce ƙas ba, ba nawa ba ne." Masu kayan sun san shi, suna hango shi suke fito da na ƙasan buhu. Da yamma ya baje shi a faifai, ya cire kai da gindi, ya zare zaren gefe, ya kakkarya daidai tsawon ɗan yatsa. Idan ka zo taya shi ka karya gajere, ba zai yi faɗa ba, zai ɗauke naka ya ajiye gefe ne kawai, kai da kanka ka ji kunya.

Ranar Sallah yana dawowa daga Idi zai tuɓe babbar riga ya rataye a reshen gwaiba, ya ɗaura wani farin ƙyalle tun na kamfani, ya kori mata daga kicin, har da matarsa. Sau ɗaya ke nan a shekara da za ka ga matar Kawu zaune a inuwa da lalle a hannu tana ba da umarnin da ba mai bi. Waken zai jefa a tafasasshen ruwan gishiri, kafin ka ce me ya tsame ya zuba a ruwan randa, wai don kada korensa ya mutu. Sannan ya narka man shanu, ya zuba fulawa yana juyawa, ya riƙa tsiyaya madara sabuwar tatsa da wata Bafulatana ke kawo masa da sassafe, kaɗan-kaɗan, da romon ƙashin kaza, da masoro, da ɗan gyaɗar ƙamshi. Ba a yi masa magana a wannan gaɓar. Ko sallama aka yi, da kai yake amsawa.

Albasa kuwa aiki ce mai zaman kanta. Yakan yanka ta siriri, ya barbaɗe da fulawa da gishiri, ya soya kashi-kashi. Ƙamshinta ne ke gaya wa unguwa cewa Kawu ya kusa. Ba shi da oben, murhun gashin nan na Turawa, bai kuma taɓa son a saya masa ba. Yashi yake zubawa a gindin babbar tukunyar biki, ya ɗora faranti mai zurfi da aka haɗa komai a ciki, ya rufe, ya kwaso garwashi ya jera a kan murfin. Sai ya karkaɗe hannu ya ce, "Wuta sama, wuta ƙasa, kowa ya matsa." Har gobe idan ɗayanmu yana so a ba shi wuri, abin da yake cewa ke nan.

Akwai abu ɗaya da ba a taɓa ganin yana haɗawa ba. Shi a ɗakinsa yake gyara shi, ya yanka ƙanana, ya soya da man shanu har ya yi duhu, ya fito da shi a rufe. Idan aka tambaya me ke cikin girkin, sai ya ce, "Wake, madara, albasa, naman kaza." Kuma bai yi ƙarya ba.

Duk gidan ba wanda ya kai Inna son waken nan. Takan ci har ta siɗe cokali, ta ce, "Auta, wai wace irin kaza ce wannan, ga laushi, ba ƙashi ba jijiya?"

Shi kuma ya ce, "Yaya, irin wadda ba ta tono ce, ba ta kuma shiga gidan maƙwabta."

"Ta Turawa ce ke nan."

"A'a, 'yar ƙasa ce. Babu kazar da ta kai ta zama 'yar ƙasa."

Sai matarsa ta tashi wai za ta duba ruwa a wuta. Mun fi shekara ashirin a haka, ba wanda ya tsaya ya yi tunani, don ba a binciken abin da ke da daɗi.

Asiri ya tonu shekarar da aka yi aurena. Sallar ta faɗo tsakiyar damina. Mijina Bazazzagi ne mai aiki a Abuja, iyayensa suka zo ganin ɗakinmu a Kwamba, Inna ta gayyace su cin abincin Sallah a gidanta. So take ta nuna musu cewa mu ma ba a baya muke ba. Ta sa Kawu ya ninka girkin ya kawo da kansa. Surukata ta ci, ta ƙara, ta tambayi sirrin. Inna ta gyara zama ta fara bayani, wai wata irin kaza ce ta musamman da ƙanenta kaɗai ya san inda ake samu, wai sai an zare ƙashin tun tana ɗanya. Kawu yana tsugune a gefe yana ta kallon ƙasa.

Ana cikin haka aka yi sallama. Bagwariyar nan ce. Ta je gidan Kawu aka ce yana gidan yayarsa, ta biyo shi. Ta sauke ƙwarya daga kafaɗa a tsakiyar gida, gaban kowa, ta yaye ganyen da ta rufe da shi.

"Kuku, barka da Sallah. Ka ce na shekaranjiya bai isa ba. Jiya an yi ruwa, ga sabon naman kaza."

Abin da ke cikin ƙwaryar shi ne abin nan da ke tsirowa a jikin rubaɓɓen itace bayan ruwan sama, wanda muke kira laimar kwaɗi, muke hana yara taɓawa. Sunansa na biyu a Hausa naman kaza, kowa ya sani, amma wa zai kawo shi a ransa yana cin abincin Sallah? Mutanen karkara sun san mai kyau da mai guba, suna miya da shi tun kaka da kakanni. Mu 'yan birni kuwa, musamman irin Inna, ko a mafarki.

Cokalin surukata ya tsaya tsakanin kwano da baki. Inna ta kalli ƙwarya, ta kalli Kawu.

"Kuku."

"Na'am, Yaya."

"Abin da kake ba ni ke nan?"

"Yaya, ai na faɗa miki. Naman kaza na ce."

"Ni? Ni da na tauna abinci na sa maka a baki? Ka zauna kana ji ina zuba a gaban surukai, ba ka ko yi tari ba?" Ta ture kwanon gefe. "Wallahi tallahi, muddin kai ne ka dafa abin nan, ba zan ƙara sa shi a bakina ba."

Aka yi ta salati ana cewa ta janye, amma magana ta riga ta fita. Abin dariyar shi ne, surukata da aka yi abin dominta, duk da ta kurkure baki, kafin su tafi ta ja ni gefe ta ce in zuba mata ragowar a kula. Har ta rasu duk shekara sai an kai mata Zariya. Inna ce kawai ta tsaya a kan bakanta. Daga baya na gane ba laimar kwaɗin ce ta ƙona mata rai ba. Ƙanen da ta raina ne ya yi shekaru yana dariya a ciki, ita kaɗai ba ta san abin dariyar ba.

Kada a ɗauka sun yi gaba. Duk Juma'a bayan masallaci sai ya je ya tsuguna ya gaishe ta, ta yi masa faɗan hularsa ta yi datti, ya ce to. Da ya kwanta asibiti wata shekara, ita ta yi jinyarsa. Maganar wake ce dai ba a yi. Sau ɗaya ya gwada, ya ce, "Yaya, ki yi kaffara mana. Mutum goman ni zan ciyar da su, da waken ma." Ta ce, "Rantsuwata ce ko taka?" Bai sake tayarwa ba. Abin da ya canza shi ne, daga ranar duk wanda zai ba sai ya ce, "Da naman kaza a ciki, na ƙasa, ba mai fiffike ba." Mutum biyu ko uku suka daina karɓa, sauran suka ce ko na sama ne a zubo.

Amma bai daina aika mata ba. Da ya buɗe tukunya, kafin liman, kafin masu haya, kafin matarsa, kwanon Inna yake fara cikawa, wani farin kwanon sha mai murfi da bakinsa ya ɗan ɓantare. Ni nake ɗauka, tunda a kan aurena aka yi abin. In kai, ta ce in ajiye a ɗaki in je in gaida mutanen gida. In dawo, ta ce in mayar. Shekarar farko haka ya koma ko taɓawa ba a yi ba. Kawu ya zauna a kan turmi ya cinye abinsa, ya ce ragowar Yaya ce, da ita ya girma.

Shekara ta biyu ko ta uku, ya buɗe murfin sai na ga ya tsaya. Saman waken fes, babu ko silin albasa. Ya daɗe yana kallo, gefen bakinsa na motsi.

"Ɓera ya shiga kwanon Yaya," ya ce.

"Kawu, ɓera da rana tsaka?"

"Irin mai son albasa ne. Kada ki kore shi."

Shekarar da ta biyo, albasar da ya tula a kwanon har murfi ba ya rufuwa. Ta dawo babu ita. Haka suka yi ta yi, shi yana ƙarawa, ita tana tsincewa, ba wanda ya taɓa ce wa ɗan'uwansa uffan. Ni ce na kasa haƙuri wata Sallah na ce, "Inna, rantsuwar fa?" Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Dafawa na ce. Albasa soya ta ake yi."

Na kai wa Kawu wannan fatawa, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce da Yaya namiji ce da ta gaji kakanmu. Amma bara, yana zaune a kan turmin yana cin ragowar, ya yi wata magana da ba ta bar ni ba. Ya ce, "Ba yafiya nake nema ba, na san ta yafe tuntuni. So nake ta ci ta ce ya yi daɗi, kamar da. Duk wanda ya yaba ina jin daɗi, amma ba shi nake jira ba." Na ce in sha Allahu baɗi. Ya ce Allah ya kai mu, ya ci gaba da cin abinsa.

Da Sallar bana ta matso, ba wanda ya yi zancen wake. Matar Kawu ce, tana cikin takaba, ta kira ni ɗakinsa ta nuna mini wata jakar ƙyalle rataye a ƙusa. Busasshen naman kaza ne da ya shanya da hannunsa tun damina, domin idan Sallah ta faɗo rani da shi yake amfani. Ta ce, "Ga wannan, ga wanda tsohuwar nan ta kawo. Ki dafa a raba sadaka. Ba na son unguwa ta wayi gari ba ƙamshin albasa."

Na sha kallonsa yana yi, na ɗauka na iya. Ashe kallo daban. Waken farko ya dahu ya yi laushi kafin in tsame. Madarar ta yi gudaji, sai da na tace ta da rariya ina hawaye, rabi na hayaƙi rabi na takaici. Albasar farko ta ƙone ƙurmus. Ina tsaye a kanta na ji sallamar Inna, wadda rabonta da shiga gidan ranar Sallah tun shekarar aurena. Ta gaida mai takaba, ta zo ta leƙa kaskon.

"Wannan kuma mene ne? Kin yanka ta kamar za ki yi miyar taushe. Shi tasa har haske ake gani ta ciki. Kuma ba ya bari ta yi ja a mai, tun tana ruwan zuma yake kwashewa, a kwando take ƙarasawa. Ba ni wuƙar."

Ta zauna a kan turmi ta yanka albasar duka, ido na zuba, tana cewa albasar bana yaji gare ta. Ta tsaya a kaina har na soya. Da na jera garwashi a kan murfi, bakina ya kasa faɗin abin da ake faɗa a wurin, ita ma ba ta faɗa ba. Ta yafa mayafinta ta ce, "In ya yi, a aiko." Ta tafi.

Na cika farin kwanon, na tula albasa kamar yadda yake yi, na kai mata. Ina shirin ajiyewa a ɗaki in fita kamar kullum, ta ce, "Zauna. Miƙo cokali."

Ba ta tsinci albasa ba. Ta nutsa cokalin har ƙasa ta ɗebo, da waken, da madarar, da naman kazan. Ta yi bisimilla ta ci. A hankali take ci har cokali ya fara kankarar gindin kwano. Sai na ce, "Ai yanzu rantsuwa ta faɗi, Inna, tunda ba shi ya dafa ba."

Ta ce, "Ta riga ta faɗi tun yana raye."

Na ɗago na dube ta.

"Tun watan Sha'aban na aika aka tambayo mini liman ko ana kaffara kafin a karya rantsuwa, ya ce ana yi. Na auna hatsi na raba wa mutum goma. Na ce bana zan cinye tas, in mayar masa da kwano wayam, ki zo ki ba ni labarin fuskarsa." Ta juya cokalin a hannunta. "Ya zo gaishe ni Juma'ar ƙarshe kafin azumi, maganar tana bakina. Na ce a'a, shi ma ai ɓoye mini ya yi. Bari in rama."

Duk haushin da na riƙe tun ranar rasuwa ya zube, wani abu da ya fi shi nauyi ya maye gurbinsa. Na tambaye ta ko ya yi daɗi, don dai in ce wani abu.

"Naki? Ina! Gishiri bai ji ba, waken kuma ya mutu. Sai kin ƙara shekaru."

Ta tashi da kanta ta wanke kwanon, ba ta bar ni na taɓa ba. Ta goge shi da gefen zaninta, ta rufe, ta miƙo mini kamar yadda ta saba.

"Ungo, mayar wa Auta. Ki ce masa ya yi..."

Ba ta ƙarasa ba, ba ta kuma saki kwanon ba. Muna riƙe da shi mu biyu. Kukan da ba ta yi ba ranar rasuwa, ba ta yi ba ran uku, ba ta yi ba ran bakwai, a nan ya zo mata, tana kiran Auta kamar yana bayan ƙofa.

Da la'asar na bi layi da kwanon, yara na ta wucewa da sababbin kaya, ban taɓa jinsa da rashin nauyi haka ba. Na ajiye shi a kan turmi. Matar Kawu ta fito ta buɗe murfin kamar yadda yake yi, ta daɗe tana kallon ciki, sannan ta mayar ta rufe.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa kurakuransa, har da na naman kaza. Allah ya ciyar da shi kamar yadda ya ciyar da baƙin da ba su da kowa a garin nan, ya ba matarsa da yayarsa haƙuri. Kwano dai na mayar. Saƙon da aka haɗa ni da shi ne ba ni da hanyar kaiwa, Allah ya isar masa.